In ɗanka zai karɓi digiri a Oxford: yadda za ka shiga zauren Sheldonian ka gane abin da ake yi

Yaranmu na Damagaram yanzu sun fara nisa da karatu, wani ya gama lisans ɗinsa nan jami'ar André Salifou ya samu burs ya wuce Maroko ko Faransa, wani kuma Allah ya buɗa masa har Ingila, to wannan rubutun na wanda ɗansa ko ƙanwarsa ko ɗan ƴar uwarsa ya kai Oxford ne aka ce masa ya zo ranar karɓar digiri. Tafiyar akwai cin kuɗi, ga biza ga jirgi ga masauki, kuma bikin kusan dukansa da harshen Latin ake yinsa wanda ko Turawan da ke zaune gefenka ba ji suke ba, saboda haka in ba ka san me ake yi ba za ka zauna sama da awa guda kan benci mai tauri ka fito ba abin da ka riƙe sai hoto a waya. Alhali a zauren Sheldonian, inda ake bikin, ba wanda ke tashi ko zama ko bin wata ƙofa haka kawai, kowane motsi da dalilinsa, kuma ginin kansa don wannan motsin aka zana shi.

Fara da yaron tun kana gida. Oxford ba lakkwal guda ba ce mai ƙofa ɗaya, kwaleji ne sama da 30 kowace da shugabanta da ɗakin cin abincinta, kuma ta hannun kwalejin ɗalibi ake tsara ranar da zai karɓi digiri da tikitin baƙinsa. Tikitin kaɗan ne, biyu ko uku galibi, don zauren bai ɗaukar mutum dubu cikakke, to kar a kwaso dangi mota guda a ce ai in an je za a san yadda za a yi, ba za a sani ba wallahi, mai tsaron ƙofa ba ya jin magiya. Ku zauna a gida ku yanke wa zai shiga, in Hajiya da Alhaji duka za su je to shi ke nan magana ta ƙare, sauran su jira a waje su ma akwai abin kallo. Sannan ranar bikin ba dole ta zo daidai da gama jarrabawa ba, ana yinsa sau da yawa cikin shekara, wani sai ya yi watanni da gamawa kafin ranarsa ta zo, saboda haka a tsayar da rana tukuna kafin a sayi tikitin jirgi, a nemi biza da wuri da takardar gayyata a hannu. Ko ta Yamai ka tashi ko ta Kano, a ƙarshe dai Landan za ka sauka, daga filin jirgin Heathrow akwai kar da ke zuwa Oxford kai tsaye, in kuma ka shiga cikin Landan jirgin ƙasa daga tashar Paddington ko Marylebone kamar awa guda ne.

Tufafi: kai baƙo sa babbar rigarka da hularka, Hajiya ta sa lafayarta ko atamfarta, ba mai hana ku, sai dai a sa rigar sanyi daga ciki kuma a riƙe lema don ruwan Ingila ba ya sallama. Ɗalibin ne ke da doka a kansa. Kayan da suke ce wa sub fusc zai sa, wato kwat ko siket ko wando mai duhu, farar riga mai kwala, baƙin takalmi, ɗan ɗaurin wuya fari ko baƙi ko baƙin zare, da hular nan mai faɗi mai kusurwa huɗu, sannan rigar jami'a a sama. Yarinya mai sa hijabi an yarda ta sa, baƙi ake so. Kar ka ɗauka tsoffin mushe ne suka ɗora wa yara wannan dole, a 2015 ɗaliban da kansu suka yi zaɓe kan ko a bar sa kayan a jarrabawa ko a daina, kusan kashi uku cikin huɗu suka ce a bar musu abinsu.

Ranar, ka zo da wuri, da wuri sosai, don waje ma karatu ne. Zauren yana kan titin Broad Street, abin da zai fara tare maka ido shi ne manyan kawunan dutse masu gemu jere kan ginshiƙan shinge, guda 13 a gaban zauren, kowane da irin gemunsa. Ana ce musu sarakunan Rum, wasu su ce masana falsafa ne. Waɗanda kake gani ba na asali ba ne, na farkon wani magini William Byrd ya sassaƙa su lokacin da aka yi ginin, ruwa da hayaƙi suka cinye fuskokin aka sake wasu a 1868, su ma suka narke, na yanzu Michael Black ya yi su tsakanin 1970 da 1972. Yi hotonka da su tun kafin cunkoso.

Daga nan zagaya ginin da ƙafa, kar ka tsaya inda kowa ya tsaya. Ta wajen titi ginin a lanƙwashe yake kamar rabin da'ira, kuma yawancin baƙi nan suke ɗauka shi ne gaba, alhali bayansa ne, fuskar gaskiya tana ɗaya gefen, miƙaƙƙen bango mai ginshiƙai da babbar ƙofa yana kallon wani tsohon gini da ake kira Divinity School wanda aka gina tsakanin 1427 da 1483. Duba bangon wannan tsohon ginin za ka ga wata ƙofa da ta yi saiti da ƙofar zauren, a 1669 aka huda ta musamman don jerin gwanon manyan jami'a ya fito daga can ya miƙe ya shiga nan ba tare da ya karkata ba. In ka gane wannan layin ka gane rabin tsarin wurin.

Me ya sa ma aka gina shi? Da can a cocin jami'a, St Mary, ake bikin ba da digiri, kuma bikin lokacin ba na natsuwa ba ne, akwai ihu da shaƙiyanci har da wani ɗan jami'ar da aka ba dama ya tashi ya yi wa malamai ba'a a bainar jama'a, sai manyan jami'a irin su limami John Fell suka ga wannan bai dace da ɗakin ibada ba, a nema wa hayaniyar gidanta daban. Gilbert Sheldon, babban limamin Canterbury wanda ya zama shugaban jami'ar, shi ya biya kuɗin, sama da fam 14,000 na wancan zamanin, shi ya sa zauren ke ɗauke da sunansa. An fara aiki 1664 aka buɗe 1669. Wanda ya zana shi kuwa Christopher Wren ne, kuma abin da ke burge ni lokacin ba a san shi da gini ba, farfesan ilimin taurari ne a nan Oxford ɗin yana ɗan shekara talatin da kaɗan, wannan na cikin ayyukansa na farko farko, sai bayan gobarar Landan ta 1666 ya zama mai sake gina majami'un birnin har da babbar St Paul. Siffar rabin da'irar ya ɗauko ta daga wani dandalin wasan kwaikwayo na tsohuwar Roma, na Marcellus, kuma a zanen littafi ya gan shi don shi bai taɓa taka Italiya ba.

To yanzu an buɗe ƙofa, ka nuna tikiti ka shiga. In kana tare da tsoho ko mai ciwon gwiwa a gaya wa kwaleji tun kafin ranar don a ba shi wuri a ƙasa, saboda benen sama matakalarsa a tsaye take kuma bencinan katako ne ƙunci gare su, mai babbar riga sai ya tattare. Amma in ƙafarka lafiya sama ta fi, daga can kake ganin komai.

Da ka zauna ɗaga kai tukuna kafin ka fara neman yaronka cikin taro. Za ka lura ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar zauren, fili ne fetal faɗinsa ya kai wajen mita 21, kuma a nan wahalar aikin take. Dandalin Romawa da ya kwaikwaya ba shi da rufi, su rana gare su sai su ja rumfar ƙyalle, Ingila kuwa ruwa da sanyi dole a rufe, in kuma ka kafa ginshiƙai a tsakiya ka tare wa mutane gani ka toshe hanyar jerin gwano, ga shi babu itacen da tsawonsa zai haye daga bango zuwa bango. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan maginan Birni suna rufin soro ya san wannan matsalar, azarar giginya tana da iyakar tsawonta, in ɗaki ya fi ta faɗi sai a yi ta ɗora gajeru kan gajeru ana ɗaurewa ana fitar da bakan gizo har su haɗu a tsakiya su riƙe juna. Wren ma da gajerun katakai ya yi, ya saka bakin wannan cikin na wancan ya ɗaure da ƙarfe da kusoshi ya yi manyan firam masu kusurwa uku a can sama inda ido ba ya gani, nauyin ya sauka kan bango, silin ya zauna a shimfiɗe. Masana na lokacin sun yi ta zuwa kallon wannan rufin. An sake shi a 1802, amma filin da ba ginshiƙi yana nan yadda ya so shi.

Kuma sararin da ke saman silin bai zauna banza ba, maɗaba'ar jami'ar Oxford a cikin wannan ginin ta zauna tun buɗe shi, ana ajiye littattafai a sama ana aikin bugu a ƙasa, sai a 1713 ta koma ginin Clarendon da ke maƙwabtaka, wanda za ka gani dab da shi mai manyan ginshiƙai. Shi ya sa tsoffin littattafan Oxford da yawa hoton wannan zauren ne a shafinsu na farko.

Silin ɗin kansa zane ne, Robert Streater mai zanen fadar sarki Charles na biyu ya yi shi a kan ƙyalle guda 32 da aka haɗa. Duba da kyau za ka ga kamar igiyoyi masu ruwan zinare sun ratsa shi tsaye da kwance, a gefe gefe kuma ƙananan yara masu fukafukai suna naɗe wata jar rumfa, wato ana so ka ji kamar kana dandalin Roma ne an yaye rumfa sama ta buɗe. A tsakiyar saman Gaskiya ce ke saukowa kan fannonin ilimi da ke zaune a da'ira kan gajimare, lissafi da shari'a da kiɗa da sauransu kowane an yi masa siffar mutum, sannan a gefe ana wurgo Jahilci da Hassada ƙasa. Ni dai a ganina zanen ya cika cunkoso kuma ba shi ne abin da ya fi kyau a ɗakin ba, amma dabarar rumfar ta yi. An sauke ƙyallayen duka a 2004 aka wanke aka gyara aka maida su 2008, shi ya sa launin ke da haske haka. Ginshiƙan da ke riƙe da benen da kake zaune kuma taɓa ɗaya ka ji, katako ne aka yi masa fenti ya yi kama da marmara.

Sauke ido ƙasa. A tsakiyar lanƙwasar akwai wata babbar kujera mai ado a sama da sauran, ta shugaban jami'a ce, wanda yanzu William Hague ne tsohon ministan harkokin wajen Birtaniya da aka zaɓa a 2024. Shi ba ya zuwa bikin digiri na yau da kullum, mataimakin shugaba ne ke jagoranta, yanzu Irene Tracey ce tun 2023, ko wani da ta wakilta. Mutum biyu da za ka sa wa ido su ne proctors, malamai ne da ake zaɓa duk shekara su kula da doka da ladabin jami'a, suna zama hagu da daman mataimakin shugaba.

Da ka ga kowa ya miƙe kai ma miƙe. Masu sandar girma ne ke shigowa gaba, sai mataimakin shugaba da proctors a baya, za ka ga ana ta ɗaga hula ana maidawa, gaisuwa ce tsakaninsu kuma za a yi ta har a tashi. Jawabin farko da Turanci ne, in kana ji to ka more shi don daga nan sai Latin. Proctor zai karanto sunayen masu neman digiri, nan ka kasa kunne don sunan Bahaushe a bakin Bature yana iya wuce ka ba ka gane ba.

Sai abin da ya fi ba baƙi dariya: bayan karanta sunaye proctors ɗin biyu za su tashi su yi tattaki zuwa tsakiyar fili su juyo su dawo, ba su ce uffan ba. Wannan ƙuri'a ce. Digiri a Oxford taron malaman jami'a ne ke amincewa a ba da shi, to tafiyar nan dama ce ga duk malamin da bai yarda a ba wani ba ya ja rigar proctor yayin da yake wucewa, in sun je sun dawo ba wanda ya ja to an amince. Yau ba mai ja, amma ba a fasa tafiyar ba, kuma za su maimaita ta ga kowane rukunin digiri, saboda haka kar ka ce sun manta wani abu ne.

Daga nan kowace kwaleji malaminta mai gabatarwa zai fito da ɗalibansa, ya riƙe hannun dama na ɗaya daga ciki ya gabatar da su da Latin, su sunkuyar da kai ga mataimakin shugaba da proctors. Za a karanta musu alkawarin biyayya ga dokokin jami'a su amsa baki ɗaya da kalma biyu, do fidem, wato na yi alkawari, in ka ji wannan amsar to an kusa. Manyan digiri ake fara yi, masu digirin farko su ne ƙarshe, in naka na ciki sai haƙuri.

Ga wurin da ya shafe mu musulmi, kuma gara a san shi tun a gida da a gan shi bagatatan. Masu karɓar wasu digiri, musamman MA (Master of Arts) na Oxford da manyan digirin tauhidi da shari'a da likitanci, suna durƙusawa gaban mataimakin shugaba ya taɓa kansu da littafin Sabon Alkawari yana ambaton Uba da Ɗa da Ruhu. Jami'ar ta tanadi wani lafazin da ba na Kirista ba ga wanda ya nema, amma sai an nema kafin ranar ta hannun kwaleji, ba a tsakiyar fili ake gyara wannan ba. Yawancin yaranmu mastar ta shekara ɗaya ko biyu ko doktora suke yi, su wannan durƙuson bai shafe su ba. Shi MA ɗin nan ma wani abu ne daban, wanda ya yi digirin farko a Oxford yana iya karɓarsa bayan shekara bakwai da shigarsa jami'a ba tare da wata jarrabawa ba. In yaron yana da damuwa ko kan sunkuyar da kai ne, ya yi magana da malamin kwalejinsa tun da sauran lokaci.

Bayan an ayyana su, sai su fita ta ƙofar gefe. Kar ka tashi ka bi shi, Alhaji zauna, ba a gama ba. Sun je canza riga ne, sun shigo da rigar matsayinsu na da, yanzu za su sa ta sabon digiri da mayafin da ke rataye a baya mai launin fanninsu, mai doktora ja wur da shuɗi, sannan a buɗe babbar ƙofar nan da ka gani daga waje su shigo ta cikinta ana tafi. Nan ne wurin tafi, nan ne Hajiya za ta share hawaye, guɗa dai a riƙe ta sai an fito fili. Kuma kar ka jira a miƙa masa takarda a hannu kamar yadda muka saba gani, diplom ɗin daban ake ba da shi, a zauren sauya riga da shigowa ta babbar ƙofa su ne shaidar.

Ta wannan ƙofar mata ba su fara shigowa da digiri ba sai Oktoba 1920, duk da sun daɗe suna karatu da cin jarrabawa a garin. Baƙar fata na farko da ya gama Oxford Christian Cole ne ɗan Saliyo a 1876, mace ƴar Afirka ta farko kuma Kofoworola Moore ce daga Legas a 1935. Kuma zauren ba na biki kaɗai ba ne, nan majalisar malamai ke zama in magana ta yi zafi, a 1985 suka ƙi ba Margaret Thatcher digirin girmamawa da ƙuri'a 738 kan 319 tana firaminista kuma tsohuwar ɗalibarsu, saboda rage kuɗin ilimi da gwamnatinta ta yi.

In an fito, kwaleji galibi tana shirya ɗan abinci ko shayi, a faɗa musu tun farko ba ku cin alade ba ku shan giya za su tanadi wani abu. Salla kuma akwai babban masallaci a Manzil Way kusa da titin Cowley Road, titin da ya cika da gidajen abincin halal, akwai kuma masallacin cibiyar nazarin Musulunci a Marston Road. In a watan Yuni ko Yuli ka je rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, duba jadawalin masallacin kar ka bi agogon cikinka na Zinder.

Washegari ka dawo zauren in ba a wani taro a ciki, ana buɗe shi ga masu ziyara da ɗan kuɗin shiga, ka hau matakala ka ratsa ta cikin rufin ka ga katakan da idonka, ka ƙarasa ƴar hasumiyar nan mai kusurwa takwas da ke can ƙoli, ta yanzu Edward Blore ya yi ta a 1838, tagogi ne ta ko'ina kana ganin kubbar ɗakin karatu na Radcliffe Camera da hasumiyar St Mary inda bikin ya baro da rufin Bodleian, babban ɗakin karatun jami'ar, duka a ƙasanka. Wanda kuma ba shi da ɗa a can amma tafiya ta kai shi Ingila ƙarshen Yuni, ya nemi ranar Encaenia, Laraba ce ta mako na tara na zangon ƙarshe, ranar da ake ba da digirin girmamawa kuma shugaban jami'a da kansa yake zama kan kujerar. Shiga ciki sai da gayyata, amma jerin gwanon a titi yake wucewa da jajayen riguna da masu sanda a gaba, tsaya wajen dandalin Radcliffe ko kusa da Bodleian kafin tsakar rana za ka gan su kyauta.